Neman Ilimi Har Birnin Sin: Darasi Daga Rayuwar Malama Julia Ching

Karatu kafin darasi: Ayyukan Manzanni 17:22-28, Romawa 2:14-16, Filibiyawa 4:8.

Gabatarwa



Duk wanda ya shiga kasuwar Malam Madori ko ta Haɗeja ya duba kayan da aka baza, zai tarar da yawa cikinsu daga ƙasar Sin suka fito: tocila, rediyo, wayar hannu, babur, har da injin ban-ruwa da manoman fadama ke shayar da shinkafa da tattasai da shi. A shekarar 1963 kuma gidan rediyon ƙasar Sin ya fara watsa shirye-shirye da Hausa. Mun san kayan mutanen nan, mun ji muryarsu, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar abin da suke koya wa 'ya'yansu game da nagarta da mugunta, ko kuwa wane ne mutumin kirki a wurinsu.

Maƙwabtanmu Musulmi sukan ƙarfafa wa yaro neman ilimi ko da zai kai shi Birnin Sin. A darasin wannan wata za mu duba rayuwar wata 'yar Katolika wadda aka haifa a can, ta ƙare kwanakinta tana auna koyarwar kakanninta da koyarwar Ikkilisiya, a matsayin malamar jami'a. Muna duba ta ne domin tambayar da ta sha fama da ita ita ce tamu: yaya Kirista zai ɗauki halin kirki da ya gani a wurin mutanen da ba su bin bangaskiyarsa, musamman in iyayensa ne ko maƙwabtansa?

Wanda ya fara share hanya

Kafin mu zo ga malamar, sai mun koma baya shekara ɗari huɗu da ɗoriya. Fada Matiyo Ricci, mutumin Italiya, ɗan Ƙungiyar Jezuwit, an haife shi a 1552. Ya isa Makawo a 1582, ya shiga cikin ƙasar Sin a 1583. Abin da ya fara yi shi ne zama ɗalibi. Ya koyi harshe da rubutunsu mai wuya, ya haddace littattafan da malamansu ke haddacewa, waɗanda suka ƙunshi koyarwar Konfushiyas, babban malamin da ya rayu daga 551 zuwa 479 kafin haihuwar Kristi. A 1595 ya rubuta ɗan littafi da Sinanci a kan abota, masana suka karɓe shi hannu biyu. A 1601 aka bar shi ya zauna a Beijing, fadar sarki, a 1603 kuma ya buga littafinsa a kan sanin Ubangijin Sama, sunan da Katolikan Sin suke kiran Allah da shi har yau. Da ya rasu a 1610, sarki ya ba da filin da aka binne shi.

Ricci ya tarar mutanen Sin suna rusunawa a gaban allunan da aka rubuta sunayen iyayensu da suka rasu, suna ajiye abinci, suna ƙona turare. Bayan dogon nazari da tambayar malamai, ya yanke cewa wannan girmamawa ce irin ta ɗa ga mahaifi, don haka wanda ya karɓi baftisma zai iya ci gaba da yi. Wasu masu bishara na Ƙungiyar Dominikan da ta Faransiskan suka ƙi. Su ma suna da hujja, gama sun zauna da talakawan ƙauye, sun ga da yawa suna roƙon matattu arziki da tsari, wato sujada ke nan. Gardama ta kai Roma. Paparoma Kilemen na 11 ya hana al'adun a 1704, ya nanata a 1715. Paparoma Benedik na 14 ya rufe maganar a 1742. A 1724 sarkin Sin ya haramta addinin Kirista a ƙasarsa. Sai a 1939, a zamanin Paparoma Piyus na 12, Roma ta sake duba lamarin, ta ga ma'anar al'adun a wurin jama'a ta zama ta girmamawa, ta ba da izini. Tsakanin 1742 da 1939 akwai shekara 197. A cikin waɗannan shekaru, iyali nawa ne suka rabu, ɗa nawa aka kira marar albarka don ya ƙi rusunawa ga sunan mahaifinsa? A Disamba 2022 Paparoma Faransis ya amince cewa Ricci ya yi rayuwar nagarta ta musamman, mataki ne a hanyar shelanta mutum waliyyi.

Wannan tarihi ya nuna mana cewa sanin ma'anar al'adar wasu aiki ne mai nauyi. Kuskure a cikinsa, ko ta wajen sassauci ko ta wajen tsanani, rayukan mutane yake taɓawa. Shi ya sa Ikkilisiya take bukatar waɗanda za su ba da ransu ga wannan nazari.

Malamar da ta zauna tsakanin gida biyu

An haifi Julia Ching a birnin Shanghai a 1934. Yaƙi ya kore ta daga gida tun tana yarinya. Ta yi makarantar sakandare ta Sistoci a Hong Kong, ta wuce Amurka ta shiga Kwalejin New Rochelle a jihar New York. Daga nan ta shiga zuhudu a Ƙungiyar Waliyyiya Ursula, ta yi shekaru da yawa tana Sista, ta kuma sami digiri na biyu a Jami'ar Katolika ta Amurka da ke Washington. Daga baya ta bar zuhudu, amma ba ta bar bangaskiyarta ba.

Sai da ta yi nisa cikin ilimin Turai sannan ta waiwayi na gida. Ta tafi Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya da ke Kanbera, ta yi digirin digirgir a kan wani malamin Sin mai suna Wang Yangming, wanda ya rayu daga 1472 zuwa 1529. Wang ya koyar da cewa a zuciyar kowane mutum akwai sanin nagarta da aka halicce shi da shi, kuma sani da aiki abu ɗaya ne: wanda ya ce ya san hakkin iyaye alhali bai kula da nasa ba, bai sani ba tukuna. Kirista da ya ji wannan dole ya tuna da lamiri, wanda Bulus Manzo ya yi maganarsa a Romawa sura 2, ya kuma tuna da gargaɗin Yakubu game da bangaskiyar da ba ta da ayyuka.

Ta koyar a jami'o'in Kolombiya da Yale a Amurka, sannan a 1978 ta koma Jami'ar Toronto a Kanada, inda ta zauna har ƙarshen ranta. A 1976 ta buga littafinta a kan Wang Yangming. A 1977 ta buga wanda ya fi shahara, inda ta jera koyarwar Konfushiyas da ta addinin Kirista tana auna abin da kowace ta ce game da mutum, da Allah, da hanyar gyaran hali. A 1989 aka buga da Turanci littafin da suka rubuta tare da Hans Küng a kan addinin Kirista da addinan Sin: ita tana bayyana kowane addini yadda masu shi suka fahimce shi, shi kuma yana ba da amsa. Ya kamata mu sani cewa tun 1979 Roma ta janye wa Küng izinin koyarwa da sunan Ikkilisiya, saboda haka amsoshinsa nasa ne. Abin koyi a nan shi ne tsarin littafin: a fara jin mai abu ya faɗi abinsa, kafin a ce uffan.

Ciwon daji ya sha dawo mata. A 1998 ta rubuta labarin rayuwarta, inda ta faɗi yadda jinya ta sa ta nemi taimakon likitancin Turai da na Sin, da yadda zama tsakanin gida biyu yake da zafi. A shekarar 2000 ƙasar Kanada ta ba ta lambar girma ta ƙasa, a shekarar kuma ta buga babban littafi a kan wani malamin Sin, Zhu Xi. Ta rasu a Oktoba 2001.

In mun lissafa, tun daga shigarta kwaleji har zuwa littafin 1977 an haura shekara ashirin. Irin wannan ilimi ba a girbe shi a damina ɗaya. Sai an koyi harshe, an karanta littafi a cikin harshen da aka rubuta shi, an zauna gaban malamai, an jure talaucin ɗalibta, sannan a sami bakin magana.

Yadda ake auna hali da hali

To, mene ne ainihin aikin irin waɗannan malamai? Bari mu ɗauki misali daga Menshiyas, wanda ya zo bayan Konfushiyas da kimanin ƙarni biyu, ya kuma fi kowa bayyana koyarwarsa.

Menshiyas ya ba da misalin mutumin da ya hangi ƙaramin yaro yana rarrafe zai faɗa rijiya. Ko wane ne mutumin, gabansa zai faɗi nan take, tun bai yi tunanin lada ko yabo ko sanin iyayen yaron ba. Daga nan ya ce a zuciyar kowa akwai tsiro huɗu: tausayi, da kunya, da ba na gaba girma, da rarrabe daidai da kuskure. Tsiro ne kawai, sai an yi masa noma kafin ya zama hatsi. Ya kuma ba da labarin wani manomi mai gaggawa da ya bi gonarsa yana jan shuka sama don ta yi saurin tsayi, kafin a je dubawa duk ta bushe. Duk uwa da duk malamin katikisma ya kamata su riƙe wannan labari.

Mai karatu Bahaushe zai ce: ai wannan namu ne, mu ma muna da tausayi da kunya da ladabi. A nan aikin masani yake farawa. Kunyar da Menshiyas yake nufi ita ce ƙyamar aikata abin da bai dace ba, ko da babu mai gani. Kunyarmu ta ƙunshi wannan, amma ta ƙunshi wasu abubuwa kuma: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, suruki ba ya cin abinci gaban surukinsa. Kalma ɗaya ce a fassara, amma iyakar gonar kowace daban. Wanda ya yi saurin cewa duk ɗaya ne bai fahimci Menshiyas ba, bai kuma fahimci Hausa ba.

Wani malamin Jami'ar Stanford a Amurka, Lee Yearley, ya buga littafi a 1990 inda ya auna Menshiyas da Waliyyi Toma Akwinas musamman a kan ƙarfin zuciya. Ya nuna cewa ra'ayinsu game da Allah da duniya ya yi nisa da juna ƙwarai, amma in aka sauko ga yadda jarumi yake aikatawa, sai a ga sun kusanci juna. Menshiyas ya koyar da cewa in rai da adalci suka zo mutum ba zai iya riƙe duka biyu ba, sai ya saki rai ya riƙe adalci. Akwinas kuma ya koyar da cewa jimrewa ta fi kai farmaki nuna ƙarfin zuciya, shi ya sa shahada ta zama ƙolinsa. Ga mu nan mun dawo gida, gama wannan jimrewa ita muke kira haƙuri. Dabarar Yearley ita ce neman bambanci a cikin kama, da neman kama a cikin bambanci.

Kada mu manta, shi kansa Akwinas, wanda ya rayu daga 1225 zuwa 1274, irin wannan aiki ya yi. Ya karanta Aristotal, Bahelene da bai san Kristi ba, ya kuma karanta Ibn Sina da Ibn Rushd, malaman Musulmi, yana ambatonsu, yana karɓar wani abu yana mayar da wani. Koyarwar da ake ba limamanmu a makarantar horo a Jos da sauran wurare, da irin wannan awo aka gina ta.

Darasi daga kogi

Akwai misalin Menshiyas da mu mutanen bakin Kogin Haɗeja za mu fi kowa ganewa. Ya kwatanta halin ɗan Adam da ruwa: kamar yadda ruwa yake neman gangare, haka zuciya take karkata ga nagarta. Ana iya tare ruwa a tilasta masa hawa tudu, amma wannan daga tarewar ne. Ya yabi wani sarkin dā mai suna Yu, wanda labarin Sin ya ce mahaifinsa ya yi ta gina ganuwa don tare ambaliya bai ci nasara ba, shi kuwa ya yashe hanyoyin ruwa ya bar shi ya bi inda ya saba har teku.

Mun san yadda abin yake a nan. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, zuwan ruwa ya sauya. Ciyawar kacala ta cika hanyoyi da yawa, ruwa ya rasa mafita, sai ya kwanta a gonar da ba a so shi, ya ƙi zuwa inda ake jiransa. Waɗanda suka ga ambaliyar 2022 ba sa bukatar a yi musu bayani. Ruwan bai sake hali ba, hanyarsa ce ta toshe. In jama'a suka fito gayya suka yanke kacala, sai ka ga ruwa ya kama hanya.

Haka tarbiyya take. Yaron da aka yi ta tarewa da bulala da tsawa kaɗai, wata rana zai fasa ta inda ba a zata ba. Wanda aka buɗe wa hanya, aka nuna masa inda tausayinsa da kunyarsa za su yi amfani, zai shayar da gidan duka. Wannan hikima ce, mun kuma karɓe ta da godiya daga bakin mutumin da ya rayu kafin zuwan Mai Ceto.

Inda hanya ta rabu

Amma ba za mu tsaya nan ba, gama mai auna gaskiya ba ya ɓoye abin da sikeli ya nuna. Ikkilisiya ta yarda cewa Allah ya halicci mutum da kyau, cikin kamanninsa. Ta kuma koyar da cewa zunubin asali ya yi wa wannan hali rauni. A wurin Menshiyas, noman tsiron nan aikin mutum ne da malamansa da iyalinsa. A wurinmu, kacalar da ta toshe zuciya ta fi ƙarfin laujenmu. Muna yanka tana tohowa. Bulus Manzo ya yi kukan wannan a Romawa sura 7, inda ya ga kansa yana aikata abin da ba ya so. Saboda haka muke bukatar alherin Allah, wanda muke samu ta wurin baftisma, da furta zunubi, da Jibin Ubangiji.

Bambanci na biyu ya shafi ƙauna. Almajiran Konfushiyas sun koyar da ƙauna mai hawa-hawa: ta fi ƙarfi ga iyaye, sannan dangi, sannan na nesa. Mu ma mun san wannan tsari, doka ta huɗu kuma ta umarce mu mu girmama uba da uwa. Amma Ubangijinmu Yesu ya kai ƙauna har ga maƙiyi, ya kuma ɗauki Basamariye, baƙo abin ƙyama, ya mai da shi misalin maƙwabci. Wannan sabon abu ne da Bishara ta kawo wa Sin, ta kawo wa Turai, ta kawo wa ƙasar Hausa.

Majalisar Batikan ta Biyu, a takardarta ta 28 ga Oktoba 1965 game da sauran addinai, ta haɗa abubuwan nan biyu wuri ɗaya. Ta bayyana cewa Ikkilisiya ba ta ƙin wani abu na gaskiya da tsarki da ke cikin addinan nan, ta kuma ce wajibi ne ta ci gaba da shelar Kristi ba fasawa. Haka Bulus ya yi a Atina: ya zaga ya duba wuraren sujadarsu, ya ambaci mawaƙansu, daga nan ya yi musu wa'azin tashin matattu.

Mu dawo gida

Layin dogo da ya tashi daga Kano zuwa Nguru shi ya raya garin Malam Madori. Tasha ta tara baƙi: ma'aikatan jirgi, masu awon gyaɗa, 'yan kasuwa daga nesa, cikinsu har da Kiristoci. Har yau mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar jama'ar Musulmi, a Jihar Jigawa wadda ke ƙarƙashin Dayosis na Kano. A wasu sassan dayosis ɗin kuma akwai 'yan'uwa da iyayensu ko kakanninsu Maguzawa ne. Ke nan kowannenmu, ko ya sani ko bai sani ba, kullum yana auna hali da hali.

An riga an fara mana wannan nazari. A 1974 aka buga laccar Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aiki a Arewa ya kuma koyar a Zariya, a kan mutumin kirki a wurin Hausawa. Ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. A ɗauki jerin nan a ajiye kusa da tsiro huɗu na Menshiyas, a ajiye kusa da 'ya'yan Ruhu da ke Galatiyawa sura 5, za a sami aikin da zai ishi ɗalibi shekaru. Shin haƙurin Bahaushe da jimrewar Kirista abu ɗaya ne? Yaushe haƙuri yake zama nagarta, yaushe yake zama yin shiru ga zalunci? Shin kunya tana hana mu faɗin gaskiya ga babba? Waɗannan tambayoyi suna jiran 'ya'yanmu.

Muna da waɗanda suka nuna hanya a ƙasarmu. Fada Joseph Kenny, ɗan Ƙungiyar Dominikan daga Amurka, ya zo Nijeriya a 1964, ya yi aiki a Dayosis na Sakkwato, ya koyi Hausa da Larabci, ya yi digirin digirgir a Edinbara a 1970 a kan tauhidin Shehu Sanusi. Ya koyar da shekaru masu yawa a Jami'ar Ibadan, ya fassara Risala, littafin fiƙihu da almajirai ke karantawa a zaurukan garuruwanmu, zuwa Turanci. Ya rasu a 2013. Kadinal Francis Arinze kuma, wanda nazarinsa na digiri a kan hadaya a addinin gargajiyar Ibo yake, shi ya shugabanci ofishin Batikan na tattaunawa da sauran addinai daga 1984 zuwa 2002.

Gardamar da aka yi a Sin tana zuwa mana da tufafin gida. Maƙwabci ya rasu, ana sadakar uku ko ta arba'in. Kawu ya aiko da naman Salla. Tsoho a ƙauye ya ce a zo a yi abin da kakanni suka saba yi kafin shuka. Wanne ne zumunci da girmamawa, wanne ne sujada? Zaman makoki da gaisuwa da taimakon marayu hakkin maƙwabtaka ne, Kirista ya kamata ya riga kowa. Yanka ga iskoki kuwa doka ta fari ta hana, ko da ran tsoho zai ɓaci. Tsakanin waɗannan biyu akwai abubuwa da yawa da sai an tambayi masu yi abin da suke nufi, sannan a kai wa Fada ko katikis a yi shawara. Darasin Ricci da abokan gardamarsa shi ne a tambayi malami, a kuma tambayi talaka, domin ma'anar abu a littafi takan bambanta da ma'anarsa a tsakar gida.

Ga iyaye da matasa

Idan yaro ya ce zai karanta ilimin addinai ko falsafa a jami'a, sau da yawa mukan tambaye shi: wane aiki za ka samu da shi? Tambayar tana da dalili, gama kuɗin makaranta daga gumi yake fitowa, albashin malami kuma ba ya cika buhu. Amma mu tuna cewa yawancin rigingimun da suka ci rayuka a Arewa da sunan addini, jahilcin juna ya hura wutarsu. Garin da yake da mutum ɗaya wanda ya san Littafi Mai Tsarki sosai, ya kuma san abin da maƙwabcinsa ya gaskata har maƙwabcin zai ce haka ne, ya faɗa daidai, wannan gari yana da rijiya a lokacin gobara.

Ga matashin da ya ji wannan kira, rayuwar Malama Ching ta ba da shawara huɗu. Ta fari, ka san naka tukuna. Wanda bai san katikisma ba, ba shi da abin da zai auna da shi. Ta biyu, ka koyi harshe, ko Larabci ne ko Sinanci, kada ka dogara ga abin da aka ce an ce. Ta uku, ka faɗi koyarwar wani yadda shi zai yarda ka faɗa daidai, gama doka ta takwas, wadda ta hana shaidar zur, ta shafi abin da muke faɗa game da addinin wasu. Ta huɗu, kada ka bar addu'a da zuwa Misa, domin mai zama tsakanin gida biyu yana bukatar sanin inda zai kwana. 'Yan mata kuma su lura cewa wadda muka yi darasi a kanta mace ce. Zumuntar Mata Katolika tana iya ɗaukar nauyin yarinya ɗaya mai ƙwazo har ta kai inda Allah ya nufe ta.

Tambayoyi don tattaunawa

1. A cikin halaye goma na mutumin kirki, wanne muka fi gani a wurin maƙwabtanmu Musulmi har ya kamata mu yi koyi? Wanne Bishara ta faɗaɗa ma'anarsa?

2. Mu karanta Romawa 2:14-16 tare. Me wannan ya koya mana game da kakanninmu da suka rasu ba su ji Bishara ba?

3. Wace al'ada ce a gidajenmu muke shakkar ko girmamawa ce ko sujada? Wa muka taɓa tambaya?

4. A tarbiyyar 'ya'yanmu, ina muke gina ganuwa, ina muke yashe hanya?

5. Akwai yaro ko yarinya a cikinmu da za mu iya haɗa hannu mu tura irin wannan karatu?

Addu'a

Ya Allah Uba, kai da ka halicci dukan al'ummai, ka kuma rubuta shari'arka a zuciyar kowane mutum, muna gode maka saboda kowace gaskiya da ka shuka a Sin, da Turai, da ƙasarmu. Ka ba mu kunnen saurare da harshen gaskiya. Ka tsare mu daga raina maƙwabci, ka tsare mu daga jin kunyar sunan Ɗanka. Ka ta da malamai daga cikin 'ya'yanmu, masu ilimi da tawali'u. Ka ba baiwarka Julia da dukan malamanmu da suka riga mu hutawa ta har abada. Muna roƙo ta wurin Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.